Kuɗin Sito a Kundin Kirifto: Nauyin Ajiyar Bayanai da Faɗaɗa Tsari a Mahangar Kudancin Kano

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin taƙaddamar da ake yi tun 2015 kan yawan bayanan da ya dace tsarin kuɗin kirifto ya ɗora wa kwamfutocin da ke tantance shi. An bibiyi sauye-sauyen Bitcoin daga SegWit zuwa rikicin OP_RETURN na 2025, da na Ethereum daga Dencun zuwa Fusaka, sannan aka auna su da halin lantarki da data a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Abin da ake kira nauyin ajiya nauyi uku ne mabambanta, kuma wanda aka fi yin hayaniya a kansa, wato girman faifai, shi ne mafi sauƙi ga mutumin wannan yanki. Wanda ke hana shi shiga shi ne saukar farko da kumburin lissafin da ke raye.

Muhimman kalmomi: kirifto, nod, tubali, ajiyar bayanai, Kano

1. Gabatarwa

Ɗan kasuwar da ya sayi masara ko shinkafa a Tudun Wada lokacin kaka, ya kai sito a Dawanau yana jiran farashi ya tashi, ya san ajiya ba kyauta ba ce. Wuri yana da haya, mai gadi yana da lada, kuma kowane wata buhun ya ƙara kwana sai kuɗin ajiyarsa ya ƙaru. Kundin Bitcoin bai bi wannan ƙa'ida ba. Mai tura kuɗi yana biyan caji sau ɗaya ga mahaƙin da ya shigar da cinikinsa cikin tubali, daga nan dubban kwamfutocin da ake kira nod su ɗauki bayanin su riƙe, babu wa'adi, babu ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wani rikici kan girman tubali daga nan yake tasowa.

Batun bai yi wa Kano nisa ba. Ma'aunin kamfanin Chainalysis ya sanya Najeriya ta biyu a duniya wajen amfani da kirifto a 2023 da 2024, ya kuma ƙiyasta hada-hadar kusan dala biliyan 59 tsakanin Yuli 2023 da Yuni 2024. A 2024 ɗin ne, lokacin wasannin Notcoin da Hamster Kombat, kalmomin "minin" da "fashewa" suka shiga bakin matasan Arewa har a ƙauyuka. Sai dai wannan shiga ta waya ce. Mai waya yana tambayar kwamfutar wani nawa ne a walet ɗinsa, ya yarda da amsar da aka ba shi. Tambayar wannan maƙala ita ce: wane sauyi a tsarin ne ke kusanto da mutumin Kiru ko Doguwa ga tantancewa da kansa, wane ne kuma ke nisanta shi?

2. Hanyar bincike

An dogara da takardun shawarwarin gyara na Bitcoin da Ethereum, da bayanan fitar da manhajar Bitcoin Core, da lissafin da kowa zai iya maimaitawa daga ƙa'idojin tsarin. Bitcoin yana fitar da tubali kusan kowane minti 10, wato 144 a rana, 52,560 a shekara. Ethereum yana da gurbin tubali kowane daƙiƙa 12, wato 7,200 a rana. Inda aka saka farashin data ko saurin intanet, an saka shi ne a matsayin misalin lissafi, kuma an faɗi haka a wurin.

3. Nauyi uku da ake kira da suna ɗaya

Na farko shi ne tarihi: dukkan tubalan da aka haƙa tun 3 ga Janairu 2009, waɗanda yanzu sun haura gigabayit 600. Wannan adadi ne ke tsorata mutane, alhali maganinsa ya daɗe da samuwa. Satoshi Nakamoto ya tanadi yadda za a zubar da tsoffin cinikayya tun a takardarsa ta 31 ga Oktoba 2008, inda ya lissafa cewa kan kowane tubali bayit 80 ne kawai, kimanin megabayit 4.2 a shekara. Tun fitowar Bitcoin Core 0.11 a 2015 nod yana iya datse tarihi, ya tantance tubali ya share shi, ya bar abin da bai gaza megabayit 550 ba. Tsohuwar laftof ta isa.

Na biyu shi ne lissafin da ke raye, wanda a Bitcoin ake kira UTXO: jerin duk ragowar kuɗin da ba a kashe ba tukuna. Littafin bashin ɗan kasuwa ya isa misali. Shafukan da aka riga aka biya ana iya cire su a ɗaure a jefa cikin akwati, amma shafin waɗanda ake bi har yanzu dole ya zauna a kan benci, domin kowane ciniki sai an duba shi. Wannan jeri ba ya datsuwa. Yana kuma buƙatar faifai mai sauri da ƙwaƙwalwa mai faɗi, in ba haka ba tantancewa ta yi ta jan ƙafa.

Na uku shi ne abin da ke bi ta waya, kuma a nan ne mutumin kudancin Kano ke tsayawa. Ko da nod zai datse tarihi, sai ya fara sauke shi gaba ɗaya ya tantance. A ɗauka layin yana ba da megabit 5 a daƙiƙa ba yankewa: gigabayit 600 zai ci kwana 11 da 'yan sa'o'i. A ɗauka kuma gigabayit ɗaya naira 500 ne: kuɗin ya kai naira 300,000, fiye da albashin wata huɗu a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024. Hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairu 2025, saboda haka lissafin ba sauka yake yi ba.

Sharaɗin "ba yankewa" shi kansa babban abu ne. Madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Audu Bako a farkon shekarun 1970, tana cikin ƙaramar hukumar Bebeji, an kuma kafa mata tashar lantarki mai megawat 10, amma garuruwan yankin a layin KEDCO suke, wuta ta zo ta tafi. A Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Nod da ya kwana goma a kashe sai ya biya bashin tubala 1,440 kafin ya kamo 'yan uwansa. Girman wannan bashi ya danganta kai tsaye da girman tubali.

4. Rikicin girman tubali, 2015 zuwa 2017

Satoshi ya sanya iyakar megabayit 1 a 2010, lokacin da tubala ba sa ko kusa da cika. Da suka fara cika, Gavin Andresen ya kawo shawarar BIP 101: a fara da megabayit 8, a riƙa ninkawa duk shekara biyu har shekara ashirin, a tsaya a kusan gigabayit 8. Shi da Mike Hearn suka saka ta cikin manhajar Bitcoin XT a Agusta 2015. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Tsarin da bai wuce ciniki bakwai a daƙiƙa ba, ba zai zama kuɗin cefane ba, kuma farashin faifai kullum sauka yake yi.

Lissafin ɗaya ɓangaren shi ne wannan. Cikakken tubali mai megabayit 1 yana ƙara kusan gigabayit 53 a shekara. Mai 8 yana ƙara 420. Mai 32, wanda Bitcoin Cash ya koma a Mayu 2018, zai ƙara kusan terabayit 1.7 idan ya cika. A wata guda, mai 8 yana cin gigabayit 35 na data, mai 32 kuwa kusan 138.

Akwai nazarin da ake yawan kafa hujja da shi, wanda Kyle Croman da abokan aikinsa, ciki har da Ittay Eyal da Emin Gün Sirer, suka gabatar a 2016. Sun auna saurin isar tubali tsakanin nod, suka ce kada a wuce megabayit 4 idan ana son kashi 90 cikin 100 na nod su ci gaba da bin sahu. Aikin yana da inganci, amma a lura da waɗanda aka auna: nod ɗin da suka riga suka shiga, waɗanda galibinsu a Turai da Amurka ta Arewa suke. Wanda tsadar data ta hana shi shiga tun farko ba ya cikin kashi 90, ba ya cikin kashi 10. A ganina wannan ne babban giɓin muhawarar baki ɗaya. Duk lokacin da aka ce "mutum na gama-gari zai iya kunna nod", mutumin da ake nufi yana da intanet mara iyaka a gida da wutar da ba ta ɗaukewa.

Rikicin ya ƙare da raba gari. Bitcoin Cash ya ɓalle ranar 1 ga Agusta 2017 da megabayit 8. SegWit, wanda Pieter Wuille ya gabatar a Hong Kong a Disamba 2015, ya fara aiki ranar 24 ga Agusta 2017 a tubali na 481,824. Shirin ninka tubali da manyan kamfanoni suka cimma a New York a watan Mayu an janye shi a Nuwamba. SegWit ya maye gurbin awon bayit da awon nauyi: iyakar tubali miliyan 4, bayanan sa hannu kowane bayit a lissafa shi 1, sauran a lissafa su 4. Dalilin rangwamen yana da ma'ana, domin bayanan sa hannu ba sa shiga jerin UTXO, kuma kashe tsohuwar ragowa yana rage jerin. An so a sauƙaƙa abin da ke rage kaya, a tsananta abin da ke ƙara shi.

5. Rangwamen da aka yi wa wani, wani ya ci

Taproot ya fara aiki a Nuwamba 2021 a tubali na 709,632, ya kuma cire wasu iyakokin girman rubutun da ke cikin sashen sa hannu. A Janairu 2023 Casey Rodarmor ya fito da Ordinals, hanyar cusa hotuna da rubutu a wannan sashe mai araha. Cikin Fabrairu aka haƙi tubali mai kusan megabayit 4 wanda hoto guda ya cinye kusan dukkansa. Hotunan sun ja surutu, amma ɓarnarsu a tarihi take, tarihi kuwa yana datsuwa. Wanda ya fi cutarwa shi ne BRC-20, hanyar ƙirƙirar sababbin kuɗaɗe a kan Ordinals da ta biyo baya a Maris 2023, domin yana haifar da miliyoyin ƙananan ragowa waɗanda darajarsu ba ta kai kuɗin kashe su ba. Jerin UTXO ya kusan ninkawa tsakanin farkon 2023 da 2024. Wannan ƙura ce da kowane nod zai ci gaba da ɗauka.

Daga nan rikicin OP_RETURN ya samo asali. Tun 2014 aka buɗe wannan ƙofa don saka ɗan bayani mai bayit 40, daga baya 80, a wurin da manhaja ta san ba za a taɓa kashewa ba, don haka ba ta shigar da shi jerin UTXO. Bitcoin Core 30, da ya fito a Oktoba 2025, ya ɗaga wannan iyaka zuwa bayit 100,000 a tsarin isar da ciniki, ba a ƙa'idar ingancin tubali ba. Masu goyon baya suka ce mai son cusa bayani zai cusa ko ta halin ƙaƙa, har ta hanyar ƙirƙirar adireshin bogi da zai zauna a jerin har abada, gara a nuna masa juji. Masu adawa, waɗanda da yawansu suka koma manhajar Bitcoin Knots ta Luke Dashjr, suka ce wannan gayyata ce, kuma ana tilasta wa mai nod riƙe abin da ba kuɗi ba, wanda wataƙila ma doka ko addininsa ya hana.

Idan aka ɗora rikicin a kan awo ukun da ke sama, sakamakon a bayyane yake. Iyakar nauyin miliyan 4 ba ta motsa ba. Bayanin OP_RETURN ba ya samun rangwame, saboda haka tubalin da aka cika da shi bai wuce megabayit 1 ba, yayin da wanda aka cika da hotunan Ordinals ke kusantar 4. Ta fuskar data da faifai, hujjar masu Core ta fi ƙarfi ga mai nod a Bebeji. Damuwar masu Knots game da abin da mutum ke ajiyewa a na'urarsa kuwa ba ta lissafi ba ce, ta lamiri ce, kuma malamanmu na fiƙihun mu'amala suna da abin cewa a kanta. Datsewa tana rage ta, tunda tubalin yana wucewa ne a share, amma ba ta kawar da ita.

6. Ajiya mai wa'adi da ajiya mai haya

Ethereum ya bi wata hanya. Sauyin Dencun na 13 ga Maris 2024 ya kawo ƙunshin bayanai mai kilobayit 128, wanda dandamalin hawa na biyu irin su Arbitrum da Base ke zuba taƙaitaccen cinikinsu a ciki. Nod yana riƙe ƙunshin kusan kwana 18 ne kawai, lokacin da ya isa duk mai ƙorafi ya duba, sannan ya zubar. Da farko ana nufin ƙunshi 3 a tubali, iyaka 6, wato kimanin gigabayit 50 da ke juyawa ba tare da taruwa ba. Pectra na 7 ga Mayu 2025 ya mai da su 6 da 9, nauyin ya koma kusan 100. Cajin hawa na biyu ya faɗi ƙasa warwas. Wannan sito ne na gaskiya: kaya ya shigo, wa'adi ya cika, a fitar.

Amma ƙunshi 6 a kowace daƙiƙa 12 gigabayit 5.5 ne a rana, kafin a ƙara tubalan kansu. Faifai ya huta, waya ta ɗauki kayan. Shi ya sa Fusaka na Disamba 2025 ya kawo PeerDAS, inda nod ke sauke wani yanki kawai ya tabbatar da samuwar sauran ta hanyar ɗauko samfuri, kamar yadda dillali ke soka buhu ya duba ƙwaya ba sai ya zazzage ba. A 2025 ɗin ma manhajojin Ethereum suka fara barin nod ya zubar da tarihin da ya gabaci sauyin Satumba 2022 da ake kira haɗewa. Lissafin Ethereum mai rai kuwa yana nan yana kumbura, kuma shawarwarin sanya masa haya da aka tattauna tun 2018 ba su kai ga aiki ba.

TON, tsarin da wasannin Telegram irin su Notcoin da Hamster Kombat suka hau, yana karɓar haya. Kowane asusu yana biyan kuɗin ajiya gwargwadon girmansa da daɗewarsa, idan bashi ya taru a daskarar da shi. Duk da haka, a ƙarshen Agusta 2024, lokacin rabon kuɗin kirifto na DOGS, tsarin ya tsaya cik sau biyu na sa'o'i da dama, bayanin da aka bayar kuwa shi ne cunkoson ya hana kwamfutocin masu tantancewa share tsoffin bayanai a kan lokaci. Matasan da suka zuba wa waya ido a ranar suna jiran fashewa sun ɗanɗani wannan muhawara a aikace, ko da ba su san sunanta ba.

7. Ƙaramin tubali ma yana da haraji

Kuskure ne a karanta abin da ya gabata a ce ƙaramin tubali gatan talaka ne. Idan wuri ya yi kaɗan, gwanjo ake yi. A Disamba 2017 matsakaicin cajin Bitcoin ya haura dala 50, ranar 20 ga Afrilu 2024 kuma, da aka ƙaddamar da Runes, wani tsari mai kama da BRC-20, ya haura 100. Mai tura kuɗin buhu biyu daga Kwanar Dangora ba zai biya wannan ba. Lightning an yi shi ne don rage wannan, amma buɗe tasha sai da ciniki a kan kundi, kuma Joseph Poon da Thaddeus Dryja, waɗanda suka tsara shi, da kansu sun lissafa cewa mutum biliyan 7 za su buƙaci tubali mai megabayit 133 ko da kowa sau biyu kawai zai taɓa kundin a shekara.

Abin da ya faru a zahiri shi ne 'yan kasuwa sun koma USDT, musamman a kan Tron, bayan faɗuwar naira daga Yuni 2023. Tron yana fitar da tubali duk daƙiƙa 3, wakilai 27 ne ke samar da shi, kamfanin Tether mai fitar da USDT kuma yana iya daskarar da adireshi. Wasu suka bar kuɗinsu a hannun dandamalin musaya. A Fabrairu 2024 aka toshe hanyar shiga shafukan wasu dandamali a Najeriya, aka tsare jami'an Binance biyu, a watan Maris kamfanin ya rufe hidimar naira. Wanda ba shi da hanyar kansa zuwa kundi ya ga yadda ƙofa ɗaya ke rufuwa. A eNaira, da aka ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba 2021 a kan Hyperledger Fabric, tambayar ma ba ta tasowa, tunda Babban Banki ne ke yanke wanda zai riƙe kundin.

Gaba kura ce, baya sayaki. Babban tubali yana korar mutumin Doguwa daga tantancewa, ƙarami yana korarsa daga amfani, kuma duka biyun hannun dillali suke kai shi. Saboda haka ni ba na auna sauyi da girman tubali. Ina tambaya ne ko ya rage saukar farko, ko ya tsayar da kumburin lissafi mai rai, ko kuma ya sa wanda ya kawo kaya ya biya daɗewarsa.

8. Abin da nod a Kano ke buƙata

Ayyukan da suka fi amsa waɗannan tambayoyi ba su ne suka fi suna ba. AssumeUTXO, wanda ya shiga Bitcoin Core a 'yan shekarun nan, yana barin sabon nod ya fara aiki daga hoton jerin UTXO cikin sa'o'i, yana tantance tarihi a hankali a bayan fage. Ya rage jira, bai rage data ba. Utreexo, da Dryja ya gabatar a 2019, yana dunƙule jerin gaba ɗaya ya koma 'yan kilobayit, a madadin haka kowane ciniki ya zo da hujjarsa, abin da ke ƙara data kaɗan. Ga mai tsohuwar laftof da ƙaramar sola musayar tana da riba, ga mai sayen data da gigabayit sai an zauna an lissafa.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar sauya tsari ko kaɗan. Tubalan Bitcoin suna tabbatar da kansu, don haka ba dole ta intanet za su zo ba. Idan sashen kwamfuta na Jami'ar Bayero ko na Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil ya riƙe cikakken nod, ɗalibi daga Tudun Wada zai iya kwafar fayilolin tubala a faifai, ya kai gida, manhajarsa ta sake tantance su tun daga na farko ba tare da ya yarda da wanda ya ba shi ba. Naira 300,000 na misalinmu ta koma kuɗin mota. Abin da zai rage masa shi ne bin sababbin tubala, gigabayit 7 zuwa 8 a wata idan ya saita nod ɗin ya karɓi tubala kawai. Nod guda a shagon cajin waya mai sola zai iya yi wa walet ɗin 'yan unguwa hidima, su tambayi maƙwabcin da suka sani maimakon kamfanin da ke wata nahiya.

Waɗannan alƙaluma sai sun isa inda ake yanke shawara. Gidauniyar Btrust, da Jack Dorsey da Jay-Z suka kafa a 2021 da Bitcoin 500, wadda ɗan Najeriya Abubakar Nur Khalil ke cikin jagororinta, tana horar da masu rubuta manhajar Bitcoin a Afirka, kuma Dokar Zuba Jari da Hannun Jari ta 2025 ta sanya kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC. Aiki na gaba shi ne a maimaita awon Croman daga wannan gefen: a kunna nod a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa na tsawon damina da rani, a rubuta sa'o'in wuta, da gigabayit ɗin da aka ci, da nairar da aka kashe, da tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka kafin ya kamo sahu bayan kowace ɗaukewar wuta.